Littafin Tukwane: Yadda Matan Gudun Hijira Suka Riƙe Wata Unguwa a Gombe

Jihar Gombe ba ta zama fagen fama irin na Borno ba, amma ita ce ƙofa mafi kusa ga wanda ya tsere daga kudancin Borno ko kudancin Yobe. Wanda ya baro Damboa ya bi ta Biu, ya wuce Kwaya Kusar da Dadin Kowa, sai ga shi a Gombe. Wanda ya fito daga Gujba ko Gulani kuwa, da ya haye kogin Gongola ya faɗo ƙasar Nafada da Bajoga. A 2014, shekarar da Boko Haram ta ci Damboa, ta ci Gwoza a watan Agusta, ta ci Bama a Satumba, ta shiga Mubi a ƙarshen Oktoba, waɗannan hanyoyi sun sha ƙafa.

Mafi yawan waɗanda suka iso ba sansani suka shiga ba. Ƙidayar da hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ke yi tun 2014 a jihohi shida na arewa maso gabas ta sha nuna cewa a Gombe da Bauchi galibinsu a cikin gari suke zaune: wajen dangi, ko ɗakin haya, ko kangon da mai shi bai ƙarasa ba. Ta kuma nuna cewa cikin mutum sama da miliyan 2 da rikicin ya raba da gidajensu, kusan kashi 80 cikin 100 mata ne da yara. A sansani akwai ƙofa, akwai rajista, akwai jami'in da za a kai wa kuka ko da ba zai share hawaye ba. A cikin gari babu ko ɗaya. Mutum yana iya kwana da yunwa a kango, wanda ke bayan katanga bai san da shi ba.

Wannan nazari ya tsaya ne a kan unguwa guda a bakin garin Gombe, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Ban faɗi sunanta ba, ban kuma faɗi sunan kowa ba, domin mutanen suna nan da ransu, kuma wasu maganganun har gobe da ciwo. Mutum uku ne a tsakiyar lamarin. Akwai wata dattijuwa daga ƙasar Damboa, ungozoma tun can gida, wadda mijinta bai tsira ba. Kowa Inna yake ce mata. Akwai matashiya daga Gwoza, Kirista, wadda ta yi koyarwa a firamare kafin a watse, ana kiranta Malama. Sai wani dattijo da ya riƙe bulamanci a ƙauyensu, wanda har a nan ba a daina ce masa Bulama ba.

Kafin kowa ya zo da taimako

Dole a tuna yadda garin yake a lokacin. A watan Yunin 2014 wata mace ta tayar da bam a bakin barikin soja na Gombe, karo na farko da aka ga mace ta yi haka a Najeriya. A Disamban shekarar aka kai hari tashar motar Dukku da ke cikin garin. A Yulin 2015, jajibirin ƙaramar sallah, bam ya tashi a babbar kasuwa mutane na tsaka da cefane. Saboda haka baƙuwa mai dogon hijabi, wadda Hausarta ke da gargada, in ta zo bakin famfo sai layi ya dare. Ba mugunta ba ce daga 'yan gari, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Maza baƙi sun fi shiga uku: saurayin da ya fito daga Borno ba shi da katin shaida yana iya fita neman ƙwadago a daina jin ɗuriyarsa. Wasu suka lafe a ɗaki, wasu suka ƙara gaba zuwa Abuja da Legas. Fita neman ruwa, neman aikatau, neman magani, duk ta koma kan mata.

Sana'ar Inna ce ta shigar da ita kowane kango, don haihuwa ba ta jiran a sami gida. Amma abin da ya tayar da ita mutuwa ce. Wata tsohuwa ta rasu a wani kango da jikokinta ƙanana kaɗai a wajenta, sai da aka kwana aka hantse kafin maƙwabta su sani. Da aka zo sutura, ba wanda ya san ƙauyenta, ba wanda ya san ko tana da dangin da za a aika wa. Karo-karo aka yi aka sayi likkafani. Bayan an dawo daga maƙabarta Inna ta je wajen Malama ta ce mata ita ba ta iya boko ba, amma tana da ƙafa kuma ta san ƙofofi. A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, su bi gida-gida.

Malama ta fara yadda ta saba gani a ƙidaya: sunan maigida a sama, iyali a ƙasa. Ba su yi nisa ba tsarin ya cije. Ga mutum mai mata biyu, kowace a kangonta. Ga matar ƙanensa da ke takaba, tana zaune a bayan ɗakinsa da 'ya'yanta, amma girkinta daban. Ga yarinya 'yar shekara goma sha wani abu da ke riƙe da ƙannenta, ba babba a kansu. Inna ta ce a bar zancen maigida, a rubuta tukunya. Duk inda ake ɗora tukunya a ba shi shafinsa: sunan mai girkin, ƙauyen da ta fito, baki nawa take ciyarwa, wa ke da ciki, wa ke kwance, kangon na waye. A ganina duk abin da ya biyo baya daga wannan shawara ya fito, kuma ba wani mai digiri ba ne ya kawo ta.

Amfanin farko da littafin ya yi na tsaro ne. An umarci masu unguwanni su riƙa kai rahoton baƙi, kuma mai unguwar nan ba shi da hanyar sanin wa ya shigo. Inna da Malama suka kai masa littafin, suka ce duk wadda ke ciki sun tsaya mata, duk sabuwar da ta zo kuma za su kawo sunanta kafin ta kwana biyu. Shi ya huta, su ma suka samu wanda zai yi magana in mai kango ya zo kora.

Daga nan sai adashi. Da farko ba kuɗi ake zubawa ba, gwangwanin hatsi ne kowace Juma'a, a haɗa a ba tukunyar da ta fi shiga wani hali. Da kaka ta yi, Inna ta riƙa zuwa wajen masu gonaki tana yin cinikin roron wake da cirar gyaɗa a dunƙule, da sharaɗi biyu: mata su tafi tare su dawo tare, kuma a biya ranar da aka yi aikin. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ja wa baƙuwa rai a kan kuɗin ƙwadagonta zai san girman sharaɗin nan na biyu. Kuɗin roro ya zama jarin gyaɗa, aka shiga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Waɗanda suka zo da ɗinkin hula a hannunsu suka koya wa 'yan mata. A kowane zubi ana ware wani abu a gwangwani daban, kuɗin asibiti, wanda ba ya shiga kwasar kowa. Irin wannan tsari ne ƙungiyar agaji ta CARE ta gina a Nijar tun 1991 da sunan Mata Masu Dubara, har ya bazu ƙasashe da yawa. Matan nan ba su taɓa jin labarinsa ba a lokacin.

Ranar rabo

Taimako ya zo a makare, kuma ta hanyar da ya saba bi: daga ofis zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Jami'an suka tambayi wane ne shugaban 'yan gudun hijira, aka nuna musu Bulama, tunda shi ne mai rawani a cikinsu. Aka kafa kwamiti nan take. Bulama shugaba, wani saurayi sakatare, sannan saboda takardar jami'an ta ce lallai a sa mace, aka ba Inna kujerar shugabar mata. Aka ɗauki hoto. Sunaye kuwa sakatare ne ya tattara su a majalisar maza bayan la'asar, Bulama ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Ba wanda ya tambayi littafin.

Ban ɗauki Bulama a matsayin macuci ba. Ya rubuta mutanen da ya sani, wato mazan da ke zama a majalisarsa da iyalansu. Matar da ba ta da namijin da zai zauna a tabarmar nan, ba ta da bakin da zai ambaci sunanta. Wannan shi ne gibin, kuma ba ya buƙatar mugun nufi kafin ya cinye mutane.

A filin makarantar firamare aka yi rabon. An jibge buhuna a baranda, galan-galan na mai a gefe, wani jami'i na kiran suna da lasifika, wanda aka kira ya dangwala yatsa ya karɓi kati. Mata sun yi layi tun da hantsi da goyo a baya. Aka kira mai mata biyu sau ɗaya, ya karɓi kaso ɗaya, matan suka tsaya suna kallon juna. Aka kira wasu samari biyu da kowa ya san suna Legas. Azahar ta yi, buhuna suka ƙare, matar nan mai takaba tana tsaye inda take da buhun da ta aro ninke a hammata. Yarinyar da ke riƙe da ƙannenta ta matsa kusa da tebur ta faɗi sunanta a hankali har sau biyu, jami'in ya bi takarda da biro daga sama har ƙasa, ya girgiza kai. Bai yi mata tsawa ba. Ya ce ta je ta ga shugabanninsu.

Inna ba ta yi magana a filin ba, kuma wasu matan sun ji haushin shirunta. Da la'asar ta ɗauki Malama da littafin da wasu tsofaffi suka nufi zauren mai unguwa. Ta tuɓe takalmi a waje, ta durƙusa, aka gaisa har aka tambayi gajiyar rabo. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, amanar da muka kawo maka bara ce muka zo a duba." Ya ce, "Inna, ai an riga an sa hannu." Ta ce ba ta zo a soke hannun kowa ba, ta zo ne a karanta takardu biyun a jere, a gaban Bulama, kowa yana ji.

Dabarar tana nan. Da ta tsallake su ta tafi ofis kai tsaye, da ta kunyata mutum biyu da gobe ma za ta buƙace su, kuma da an ce mata ƙorafi sai ya bi ta hannun kwamiti. Da aka karanta, ba sai an yi gardama ba. Malama ta kira tukunya, sakatare ya duba tasa takardar ya ce babu. Ta kira wata, babu. Bulama da bakinsa ya ce a tsaya haka. An ɗauki makonni ana kai da kawo, domin su ma jami'an ba su da ikon ƙara suna yadda suka ga dama, amma kafin rabo na gaba an daidaita a kan abubuwa kaɗan: a karanta jerin sunaye a fili kwana guda kafin a miƙa shi, kati ya fito da sunan mai girki, Malama ta zama mai sa hannu tare da sakatare. Sai kuma abin da Inna ta ƙara da kanta, wanda jami'an suka yi jinkirin karɓa: a sa zawarawa da tsofaffin 'yan gari da ke cikin unguwar. Hujjarta ita ce matan nan su suka ara musu turmi da tukunya ranar da suka iso, kuma in buhu ya riƙa wuce ƙofarsu yana shiga kango, zaman ba zai ɗore ba.

Babu sabon abu a cikin waɗannan buƙatu. Tun 2001 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ɗauki alkawura biyar ga mata 'yan gudun hijira, ciki har da yi wa kowace rajista da sunanta, da ba su rabin kujerun kwamitoci, da sa su a cikin rabon abinci. Najeriya kuma ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu. Abin da ya faru a filin makarantar ya nuna iyakar kujera: an ba Inna ita tun ranar farko, ba ta hana komai ba, sai da alƙalami ya shiga hannun mace. Kuma maganar ta wuce ta buhu. A Oktoban 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanoni bakwai na Maiduguri, da yawa a hannun waɗanda ke riƙe da ƙofa da abinci. Duk inda cin mace ya rataya a kan yardar wani namiji da ba nata ba, an buɗe wannan ƙofa.

Inda Inna ta gaza

Ba zai zama adalci ba a bar wannan. Littafin da ya ceci mutane shi ma yana da waɗanda ya bari a waje. Bayan sojoji sun ƙwato Gwoza a Maris na 2015 da sauran garuruwa, 'yan matan da suka zauna a hannun mayaƙa suka fara isowa wajen danginsu, wasu da ciki, wasu da goyo. A wurare da yawa annoba ake ce musu, kuma a unguwar nan ma an faɗa. Inna ta ƙi ba su shafi. Ta ce ta tsaya wa kowa a gaban mai unguwa, ba za ta tsaya wa wadda ba ta san me aka cusa mata a zuciya ba. Ana iya fahimtar tsoronta, tunda amincin da ta gina da 'yan gari ƙwaya ɗaya ta isa ta rushe shi. Duk da haka ta zalunce su. Yara ne da aka sace, ba su suka kai kansu ba, kuma ƙin rubuta su na nufin ba kati, ba adashi, ba kuɗin asibiti.

Malama ce ta ja da ita, har suka yi watanni ba sa ga maciji. Abin da ya karya Inna a ƙarshe aikinta ne. Ɗaya daga cikin yaran ta shiga naƙuda da dare, aka buga mata ƙofa, ta je. Ta kwana a kanta har ta sauka. Da gari ya waye ita ta aika a kira Malama da littafi.

Akwai kuma maganar wurin taro. An fara yin zubi a harabar wata islamiyya, matan Gwoza Kiristoci suna aiko da nasu ba sa zuwa, don haka duk shawarar da aka yanke ba da su ake yi ba. Su kuwa sun zo da gogewar zumuntar mata ta coci, sun san riƙon asusu da rubuta bayanin taro fiye da kowa. Sai da aka mayar da zaman tsakar gidan da Malama ke haya kafin a ci moriyar wannan. Batun aurar da 'yan mata da wuri har yau ba a daidaita ba. Inna na ganin ɗakin miji ya fi kango sutura, Malama na ganin ana sayar da gobe ne don a huta yau, kuma ni a nan ina bayan Malama.

Ba a taɓa biyan ɗayansu ko sisi ba. Abin da suka samu shi ne zargi: duk wadda sunanta bai fito ba ta ce an ci da rabonta, duk wanda ya ga Inna ta sayi sabon zane ya san inda kuɗin ya fito. Jami'an da ke zuwa da mota suna da albashi da alawus, amma tattara mutane, sasanta rigima, rakiya asibiti da tsakar dare, duk an bar wa mata biyu a kan sadaka. Ƙasar Hausa ba baƙuwar irin wannan jagoranci ba ce. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, wato mata masu yawon koyarwa, a cikin ƙungiyarta ta 'Yan Taru, ta ba kowace malfa da jan rawani domin duk ƙauyen da ta shiga a san da izini take tafe. A nan an ɗora nauyin, ba a ba da alamar ba.

Bayan motoci sun daina zuwa

Hankalin masu ba da agaji ya tattara a Borno, inda buƙata ta fi yawa, rabo a Gombe ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Kwamitin ya mutu ba tare da an rushe shi ba. Ba wanda ya ƙara kiran taro. Adashin bai tsaya ba. Ya sha wuya a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, ya ƙara shan wuya bayan cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, da kuɗin gyaɗa da na niƙa suka tashi, har aka koma zubin gwangwani na wani lokaci. Yanzu kusan rabin masu zubi 'yan gari ne. Littafi na farko ya yage, an kwafe shi sau da yawa, kuma wata yarinya da ta iso a goye ita ke taya Malama rubutu.

Wasu iyalai sun koma, musamman da gwamnatin Borno ta shiga mayar da mutane garuruwansu ta kuma rufe sansanonin Maiduguri daga 2021. Da yawa sun ce ba inda za su. Sun binne iyaye a nan, 'ya'yansu Hausar Gombe suke yi, kuma labarin da ke zuwa daga ƙauyukan Damboa da bayan dutsen Gwoza bai kwantar da hankalin kowa ba. Sai dai gari ya cim musu. Masu kangaye suna ƙarasa gininsu ɗaya bayan ɗaya, kuɗin haya ya fi ƙarfin mai tuyar ƙuli-ƙuli.

Shi ya sa matan suka fara tara kuɗin fili a gwangwani na uku, kuma sun sami wani manomi da ya yarda ya yanka musu gefen gonarsa a biya shi kaɗan-kaɗan. Nan rigimar da ake ciki yanzu ta taso. Mai gonar ya ce shi da maza zai yi ciniki, shaidu ma maza yake so. Bulama, wanda tsufa ya kama, ya ce a rubuta takardar da sunansa a madadin kowa, amana ce. Inna ta karkata ga yarda, don ba ta son a ce ta raina shi a ƙarshen rayuwarsa. Malama ta ƙi. Ta ce ba Bulama take tsoro ba, magadansa take tunani, kuma kuɗin da mata suka tara da ƙuna a hannu bai kamata ya kwana da sunan wanda bai zuba ba. Shawararta ita ce su yi rajistar ƙungiyar gama kai, takarda ta fito da sunan ƙungiya, a lissafa kowace mai zubi a bayanta. Wannan na buƙatar kuɗin rajista, da asusun banki, da katin shaidar ɗan ƙasa wanda tsofaffi da dama cikinsu ba su da shi. Mai gonar ya ba su zuwa bayan girbi, ya kuma gaya wa mai unguwa cewa akwai wani ɗan kasuwa da ya taya filin da kuɗi a hannu.